Asibitin dabbobin da ya yi wa dokina magani da jininsa

Waya mai ƙaya ce ta yage wa dokina ƙwauri, mikin kuma ya ƙi rufewa. Duk mai doki ya san ciwon ƙasan gwiwa akwai taurin kai, don wurin ba tsoka, fata ce kawai a kan ƙashi da jijiya.

A wannan asibiti likita ya ɗebi jini daga jijiyar wuyansa, ya saka a na'urar da ke wulwula shi da gudu, ya tsame ruwan ɗorawa da ya taso sama. PRP suke kiransa. A cikinsa ƙwayoyin daskarar da jini suke taruwa, su ne ke sakin sinadarai irin su PDGF da VEGF, masu aika wa ƙwayoyin nama saƙon su hayayyafa, sababbin hanyoyin jini su tsiro. Likitan ya shafa shi a mikin, ya naɗe da bandeji.

Jan nama mai kyau ya cike ramin. Sai dai ya zarce har ya tsere wa fata, dole aka koma aka yanke tsiron, abin da ya kamata a gargaɗe ni tun farko. Asibitin tsaf yake, likitan da haƙurin bayani, amma kuɗin ba na ƙaramin rauni ba ne. Tabon har yanzu bai fid da gashi ba.