Girman Akwati da Abokan Zama: Abin Aunawa Kafin Sayen Ƙananan Kifayen Ado Masu Yawo a Ayari

Yawancin masu shiga shagon kifayen ado sukan fara da zaɓen kifin da ya burge su, sa'an nan su tambayi mai shago akwatin da kuɗinsu zai iya saye. A ganina, daga nan ake kuskuren da ke kashe kifaye cikin makonnin farko, domin tsarin da ya dace shi ne mutum ya fara sanin tsawon akwatin gilashin da ɗakinsa zai ɗauka da kuma zafin da ruwa zai kai a ɗakin, daga baya ya nemi kifin da zai jure wa waɗannan biyun.

Ƙananan kifaye irin su tetra da rasbora da daniyo ba su saba zaman kaɗaici ba. A kogunan da suka fito, yawansu ne garkuwarsu daga manyan kifaye da tsuntsaye, shi ya sa idan aka sayi biyu ko uku kawai sai a ga sun laɓe bayan dutse, launinsu ya dusashe, suna firgita da duk inuwar da ta gitta. Mafi ƙarancin adadin da masu kiwo suka yarda da shi shi ne shida daga jinsi ɗaya, amma sai sun kai goma ake ganin kyan tafiyarsu tare. Saboda haka, wurin da za a yi lissafinsa na kifi goma ne masu kai da komo, ko da kowannensu bai wuce santimita 4 ba.

Akwatuna iri uku aka fi samu. Na farko shi ne zagayayyen kwanon gilashi ko ƙaramin akwati mai lita 10 zuwa 20, wanda arhar sa ke jan hankali, to amma araha ba ta ado: ruwa kaɗan yana saurin gurɓata, yana saurin ɗaukar zafi, kuma babu filin da ayari zai miƙe. Na biyu shi ne mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30, wanda ke cin lita 54, kuma daga nan ne kiwon waɗannan kifaye yake fara zama mai yiwuwa. Yana ɗaukar ayari ɗaya na takwas zuwa goma, tare da 'yan kifaye masu zama a ƙasan akwati idan matatar ruwan tana da ƙarfi. Na uku shi ne mai tsawon santimita 90, faɗi 30, tsayi 40, wato lita 108, kuma shi nake ba mai farawa shawara idan aljihu ya yarda, domin kuskuren ciyarwa ko jinkirin canjin ruwa ba ya saurin zama annoba a ruwa mai yawa. Ana gane litar kowane akwati ta hanyar ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, a raba da 1,000. Idan akwatuna biyu sun yi daidai a lita, a ɗauki mai tsawo a bar mai tsayi, saboda waɗannan kifaye a kwance suke ninkaya, kuma ta faɗin saman ruwa iskar oksijin ke shiga. A kuma tuna cewa kowace lita kilo ɗaya ce, don haka babban akwatin, idan aka haɗa da gilashi da yashi, yakan haura kilo 120, nauyin da teburin falo ba zai ɗauka ba.

Batun zafi shi ne inda mai saye a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ya kamata ya fi tsayawa, domin yawancin shawarwarin kiwon kifin ado an tsara su ne don ƙasashen sanyi, inda damuwar ita ce ɗumama ruwa. A watannin Afrilu da Mayu ruwan akwati a ɗakin da ba na'urar sanyaya yakan haura digiri 30, kuma ruwa mai zafi ba ya riƙe oksijin sosai. Niyon tetra, mai shuɗin layi da jan rabin jiki, wanda asalinsa yankin Amazon ne, shi ya fi arha da sauƙin samu, amma ya fi son digiri 21 zuwa 26, kuma doguwar bazara tana gajarta masa kwana. Ɗan'uwansa kadinal tetra, da ake bambanta shi da jan layin da ya ratsa jikinsa tun daga kai har wutsiya, ya fito ne daga kogunan Negro da Orinoko, yana kuma jure wa digiri 28 zuwa 29 ba tare da wahala ba. Ya fi tsada, kuma ya fi son ruwa mara yawan gishirin ma'adinai, wanda hakan ke wajabta gwada ruwan burtsatse kafin a kashe kuɗi a kansa. Tsakanin biyun akwai halikwin rasbora na Malesiya da Sumatra, mai baƙin tabo kamar kusurwa uku a gefen jiki, wanda ba shi da tsiwa, yana cin kowane irin abinci, yana kuma zama lafiya har zuwa digiri 28. Ga wanda bai taɓa kiwo ba, shi ne zaɓina na farko.

Zebra daniyo na Indiya da Bangaladash yana da ƙarfin rai, sai dai gudu gare shi, don haka akwatin santimita 90 mai murfi ya fi dacewa da shi, tunda yakan yi tsalle ya faɗo. Akwai kuma ɗan kifin Dutsen Farin Gajimare na kusa da Guangzhou a Sin, wanda ba ya son ruwa ya wuce digiri 22. Wannan sai dai mazauna wuri mai sanyi kamar Jos. Wani da ya cancanci a tambaya a shago shi ne Poropanchax normani, ƙaramin kifi mai shuɗin haske a saman ido, wanda asalinsa kogunan Afirka ta Yamma ne, har da Najeriya da yankin Tafkin Chadi. Bai kai tetra launi ba, amma idan guda goma sha biyu suka jeru kusa da saman ruwa, idanunsu na ƙyalli, abin kallo ne.

Game da abokan zama, ƙa'idar farko ita ce kifi yana haɗiye duk abin da ya shiga bakinsa, kuma girman da za a duba shi ne wanda zai kai nan da shekara guda. Kifin anjel yakan zo shago kamar kwabo, amma yana kai santimita 15, kuma idan ya girma niyon tetra abincinsa ne. Oska yana kai santimita 30. Kifin zinare na ruwan sanyi ne, ga yawan kashi, don haka ba ya haɗuwa da ko ɗaya daga cikin waɗanda na ambata. Fileko, wanda ake tallatawa da sunan mai share gilashi, yana wuce santimita 30 kuma dattin da yake zubarwa ya fi wanda yake sharewa. Taiga bab kuwa, duk da shi ma ɗan ayari ne, yana da halin yagar fiffiken kifaye masu doguwar jela kamar beta da gofi, don haka ya fi kyau a ware masa akwatinsa.

Abokan da suka fi dacewa su ne koridoras, ƙananan dangin tarwaɗa daga Kudancin Amurka, masu kiwo a ƙasan akwati inda ba su takura wa na tsakiya. Su ma ayari suke so, aƙalla shida, kuma suna bukatar yashi mai laushi domin tsakuwa mai kaifi tana cinye musu gashin baki. A wurare masu zafi a nemi jinsin sterbai, wanda ya fi jinsin panda jure wa ɗumi. Idan aka kwatanta ayari ɗaya na goma sha biyu da jinsi huɗu masu uku-uku, adadin ɗaya ne, amma na farko ya fi lafiya da kyan gani nesa ba kusa ba.

Kada a sayi akwati da kifi rana ɗaya. Sabuwar matata tana bukatar mako huɗu zuwa shida kafin ƙwayoyin bakteriya masu sarrafa gubar amoniya da ke fitowa daga kashin kifi su kafu a cikinta, kuma ruwan famfo sai an cire masa kulorin. Inda ake yawan ɗauke wuta, ƙaramin famfon iska mai batir ya fi kayan ƙawa muhimmanci, kuma ya kamata a rage adadin kifayen zuwa ƙasa da abin da lissafi ya bayar. A shago, a tsaya a kalli akwatin na 'yan mintoci, a guji duk wanda ke da mataccen kifi ko masu fararen ɗigo kamar gishiri a jiki. A fara zuba ayarin tsakiya, a jira mako biyu ana canja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako, sa'an nan a kawo koridoras.