Rijiyar Kakariko: sharhina bayan wata biyu ina buga gem ɗin Zelda

A ƙarshen damina na sayi tsohuwar Nintendo 3DS 'yar gwanjo a hannun wani mai gyaran waya a nan Gombe, ya haɗa mini da kaset guda: The Legend of Zelda: Ocarina of Time. Gem ne mai shekaru. A 1998 ya fara fitowa a kan Nintendo 64, sai a 2011 aka sabunta shi don wannan ƙaramar na'ura mai allo biyu. Wata biyu na yi a kansa, yawanci bayan sallar isha'i, a kan tabarma a tsakar gidanmu da ke Pantami, ƙanena na leƙe ta kafaɗata. Labarin Link, yaron da kake sarrafawa, da gimbiya Zelda da azzalumi Ganondorf yana da daɗi, amma ba shi ya riƙe ni ba. Wani ƙauye ne a gindin dutse, mai suna Kakariko.

Ranar da ka fara shigarsa sai ka ji sanyi a rai. Kiɗan wurin mai taushi ne, kafintoci na ta kai-kawo, ga injin niƙa mai fiffike yana juyawa da iska, ga wata budurwa da kajinta bakwai suka watse cikin gari tana roƙon ka tattaro mata su, ladanka kwalba. A gaban injin akwai rijiya cike da ruwa. Na wuce ta ya fi sau goma ban kula ba.

Wani tsoho ne ya fara ɗaga mini hankali. Ya ce a da can an yi wani mutum a garin mai idon da ke ganin gaskiya, kuma gidansa a daidai inda rijiyar take yanzu ya tsaya. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai ce ga abin da ya sami mutumin ba, bai ce ga wanda ya rushe gidan ba. Ƙanena ya ce, "Hamma, wa yake rushe gida ya haƙa rijiya a wurin in ba wani abu ake so a binne ba?" Ashe tambayar da masoya gem ɗin suka shafe sama da shekara ashirin suna gardama a kanta ke nan.

Hanyar shiga rijiyar ma abin tsayawa ce a duba. Link yana yin barcin shekara bakwai ya tashi babba. In ka je wurin mai injin niƙa kana babba, za ka tarar da shi yana huci, wai wani yaro ya zo shekara bakwai da suka wuce ya busa wani kiɗa ya hargitsa masa inji. Cikin fushin nan yake koya maka kiɗan. Sai ka koma ƙuruciya, ka shiga ɗakin, ka busa, injin ya haukace, ruwan rijiya ya janye. Kai ne yaron. To daga ina kiɗan ya samo asali, tunda shi a wurinka ya ji, kai kuma a wurinsa ka koya? Mun kwana muna juya wannan da ƙanena, har Goggo ta leƙo daga ɗaki ta ce mu rage murya mutane na barci.

Abin da ke ƙasan rijiyar ba ya kama da komai a sauran gem ɗin. Sai ka rarrafa ta wani matsattsen rami, ka tarar da ƙwarangwal jingine da bango, bangon kuma na ƙarya ne, ratsa shi ake yi. A ciki akwai ɗakunan kurkuku masu sandunan ƙarfe, da ɗaki cike da akwatunan gawa, da wasu katakai biyu da aka gicciya aka rataya musu sarƙoƙi. Ƙasa tana yaudara: ka taka inda kake ganin daɓe ne, sai ka rufta wani rami mai ruwan guba. A can ƙarshe, cikin wani ɗaki da aka jera ƙoƙunan kai a bangonsa, dogayen hannaye farare suna tsaye daga ƙasa kamar karan dawa bayan girbi. Dole ka bari ɗaya ya cafke ka kafin mai hannayen ya fito. Daren da na kai wurin an ɗauke wuta, unguwa ta yi tsit, hasken allon kaɗai ke fuskarmu. Da abin ya ɓullo daga ƙasa yana jan jiki da dogon wuyansa, ƙanena ya saki kafaɗata ya ja da baya. Ni ma hannuna ya yi gumi. In ka kashe shi ka samu madubin gaskiya, wanda ke nuna abin da aka ɓoye, ya kuma tona abin da yake na bogi.

A nan ne hasashen masoya ya yi rassa, kuma ina ganin ya kamata a raba abin da gem ɗin ya faɗa da bakinsa da abin da mutane suka ɗora masa.

Hasashen da ya fi yawo shi ne na Bongo Bongo, babban dodon da ake karawa da shi a ƙarshen wurin da ake kira Shadow Temple, a bayan maƙabartar garin. Gangar jiki ce ba kai, ido guda ja a inda wuya ya yanke, hannaye biyu a guntule suna dukan wata ƙatuwar ganga wadda kai kake tsaye a kanta. Masu hasashe sun ce shi ne mutumin nan mai idon gaskiya: ya ga abin da bai kamata ya gani ba, ko ya saci madubin, aka datse hannayensa, aka fille kansa, aka rushe gidansa, aka rufe da ruwa. Labarin yana zama daram a kunne, ga ido, ga rijiya. Amma ni ban saye shi duka ba. Abin da Sheik, mai rufe fuskar nan da ke yi masa jagora, ya gaya wa Link ranar da gari ya kama da wuta shi ne, wani mugun ruhu ne da Impa, mai renon Zelda, ta kulle a ƙasan rijiya ya ɓalle. Babu wani a cikin gem ɗin da ya haɗa ruhun da mai gidan. Zare ne mutane suka ƙulla da kansu, ƙulli mai kyau, amma nasu ne.

Wanda na yarda da shi ɗari bisa ɗari shi ne na gidan sarauta. Dutsen da ke bakin maƙabarta ya faɗa ƙarara cewa ƙabilar Sheikah, masu tsaron sarakunan Hyrule, ƙasar da labarin ke faruwa, su suka kafa Kakariko. Impa, wadda 'yar ƙabilar ce, ita ta buɗe garin ga talakawa. Shi kuma wancan wuri na bayan maƙabarta, muryoyin da ke bangonsa suna cewa a nan aka tara tarihin Hyrule na jini da haɗama da ƙiyayya. Ka shiga ka ga wuƙaƙen fille kai suna saukowa daga sama, ka ga irin katakan nan na rijiya. A wani wurin kuma an gaya maka an yi ƙazamin yaƙi kafin sarki ya haɗe ƙasar, yaƙin da mahaifiyar Link ta gudo daga cikinsa da rauni, ta bar jaririnta a daji. Haɗa waɗannan ba ya buƙatar malami. Mutanen da kake ta wahalar ceto wa gadon mulki suna da wurin azabtar da abokan gabarsu, kuma a bayan gidajen talakawa suka ɓoye shi. Daga baya littafin bayanan Zelda da ya fito da Turanci a 2018 da amincewar Nintendo ya tabbatar cewa can Sheikah ke kai maƙiyan gidan sarauta don tuhuma. Masu hasashe sun riga littafin da shekaru.

Sai tambayar da ba ta da amsa: ina Sheikah suka tafi? Impa kaɗai ta rage. Wasu sun ce yaƙin ya cinye su, wasu sun ce sarakunan ne suka kawar da su bayan sun gama aiki, don kada a samu mai ba da labari. Zuciyata ta fi karkata ga na biyun, saboda shirun mutanen garin. Kowa a Kakariko yana harkarsa, ba mai ambaton abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Wanda ya tashi a tsohuwar unguwa ya san irin wannan shiru. A gidan kakanninmu akwai rijiyar da aka rufe da tsohon kwano aka danne da dutse, manya ba sa cewa komai a kanta sai dai "kada a je wurin da magariba". Shi ya sa ƙauyen nan da Japanawa suka ƙirƙira bai zame mini baƙo ba.

Ga mai son saye, ga abin da na gani. Da Turanci na buga gem ɗin, kuma duk daɗin da na lissafa a cikin karatun maganganun mutane yake. Mai danna maɓalli ya wuce ba zai ga komai ba sai faɗa. Allon ƙasa yana sauƙaƙa sauya kaya. Batir ba ya wuce awa uku zuwa biyar, kuma cajar Amurka ta wuta 120 ce, kada ka soka ta kai tsaye a soket ɗinmu. Igiyar USB da fawa bank sun wadatar. Na'urar Amurka ba ta karanta kaset ɗin Turai, don haka a gwada a gaban mai sayarwa. Shagon intanet na 3DS an rufe shi tun 2023, sai kaset. Kyamarar cikin gem, wato kusurwar da ake nuno maka Link, tana ba da haushi a matsattsun wurare, kuma hasken da aka ƙara wa wannan sabon ya rage wa rijiyar duhun da take da shi a na asali. Wani abu da ya shafe mu: kaset ɗin farko na 1998 yana da sautin da ya yi kama da zikirin Musulmi a cikin kiɗan wani mataki, da alamar wata da tauraro a jikin wasu kaya. Nintendo ta cire su a bugun da suka biyo baya, babu su a wannan. Ba zan ba yaro ɗan ƙasa da shekara goma shi da dare ba. Babba kuwa, kuɗinsa ba zai tafi a banza ba.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ba dodo ba ne. Da dare, a gindin bishiyar bakin gari, akwai wani saurayi ramamme da ke zaune shi kaɗai, yana cewa mutane abin ƙyama ne, har uwarsa da ubansa. Ɗan shugaban kafintoci ne, ɗan'uwan mai kajin nan. Bayan shekara bakwai babu shi a garin. 'Yar'uwarsa ta ba ka shuɗin zakaransa, ta ce tun da ya tafi zakaran bai sake cara ba. Ka shiga daji da shi, ya yi cara, ka tarar da saurayin jingine da kututture. Ya ba ka wani naman kaza ka kai wa tsohuwa mai haɗa magani a Kakariko cikin minti uku. Na yi gudu na kai, ta haɗa, ta ce shi ne mafi ƙarfin maganin da ta taɓa yi, sai dai ba ya aiki a kan wanda ya riga ya zama dodo. Na koma da sauri. Babu shi. Wata yarinyar daji ce tsaye a wurin, ta ce duk babban da ya shigo dajin nan ɓacewa yake yi ya zama ƙwarangwal mai yawo, ta miƙo mini zarton da ya bari.

Na kai wa uban zarton. Ya karɓa, ya ce ai nasa ne, ya yi mamakin yadda zarton ya baro gida, ya ba ni karyayyen takobi a madadinsa. Na sake danna masa magana ko zai tambayi inda na samo shi. Bai tambaya ba. Ƙanena ya ce, "Hamma, sake gwadawa." Na sake.