Roba, ƙarfe ko jaka a gefen ciki: zaɓin mai jinyar shawarar ciwon daji

Mu a Daura, da zarar ido ya yi ɗorawa, fitsari ya koma kamar baƙin shayi, rawaya ake fara jiƙawa. Haka muka yi wa Baffa wata guda cur, yana susa har ƙwaurinsa ya yi jini, kafin hoton ciki ya nuna ƙarin daji ne a kan fankiriyas, wata gaɓa a bayan tumbi mai taimakawa wajen narkar da abinci, ya matse bututun da ruwan matsarmama ke bi daga hanta zuwa hanji. Irin wannan shawarar ba ta jin jiƙo, sai an buɗe hanya. Buɗewar kuma ba ta kashe dajin. Ƙaiƙayi take ɗaukewa, cin abinci ya dawo, jiki ya iya ɗaukar allurar daji in za a yi.

Hanyar da likitoci suka fi so ita ce wadda suke kira ERCP, wato buɗe toshewar ta baki. Mara lafiya zai kwana bai ci komai ba, a sa shi barci, a zura tiyo mai kyamara ta baki har farkon hanji, a soka ɗan bututu a inda ya toshe. Ba yanka. Sai dai takan tayar da kumburin fankiriyas ga wasu, kuma ba kowane asibiti ke da na'urar da gwaninta ba.

A nan ne ake cinikin. Bututun roba ya fi araha, amma faɗinsa kamar milimita 3 ne, kuma yakan toshe cikin kusan wata 3. Na ƙarfe, wanda ke buɗe kansa a ciki har milimita 10, tsada gare shi, amma yakan kai wata 6 ko fiye. Araha ba ta ado: in kun ɗauki roba, ku lissafa da kuɗin sake aiki, da shatar mota, da kwanan masu jinya a wani gari, da wahalar tsoho a hanya. Daga Katsina zuwa Kano kaɗai wajen kilomita 170 ne. Ni dai a ganina roba ta wanda ciwon ya riga ya yi nisa ƙwarai ce, ko wanda ba a gama tantance ƙarin nasa ba. In kuwa ana shirin babbar tiyatar cire ƙarin, kada a sa komai sai likitan fiɗa ya ce.

In tiyo ya kasa wucewa, ana huda fata ta gefen dama a bi ta hanta, ruwan ya riƙa zuba a jaka. Tana aiki, amma jinyarta sai mai haƙuri: juye jaka kullum, wanke bakin huda, tsoron kada ta fizge cikin barci, ga ƙishirwa lokacin bazara saboda ruwan da jiki ke asara. Tiyatar haɗa bututun ruwan matsarmama da hanji kai tsaye ta fi daɗewa, amma sai mai sauran ƙarfi.

Mun ɗauki ƙarfe, bayan 'yan'uwa sun yi karo-karo. Ranar sallama likitan ya dubi yayana ya ce, "Alhaji, in ka ga zazzaɓi da rawar ɗari, ko idon ya sake rinewa, bututun ne ya toshe. Kada ku jira gari ya waye."