Mako biyu da nas a gida bayan an yi wa Umma aikin maƙoƙo

Shekara kusan goma Ummanmu ta yi tana ɓoye maƙoƙo a ƙarƙashin mayafi, har ya fara danne mata numfashi idan ta kwanta rigingine. Likita ya ce a cire glandar tayirod ɗin gaba ɗaya, wato sashen jikin da ke gaban wuya wanda kumburinsa ke zama maƙoƙo. Bayan kwana biyu da aikin aka sallame mu, ni kuwa ga aiki ga yara, don haka na biya wani kamfani da ke turo ma'aikatan jinya gida a nan Kano, na mako biyu.

Da farko na ɗauka wankin ciwo da canza bandeji kawai muka saya. Sista ta yi wannan da tsafta. Ta jera wa Umma filo biyu don kanta ya ɗan ɗaga, ta koya mata tallafe ƙeya da hannu idan za ta tashi. Amma abin da ya sa nake rubuta wannan ya faru ne a safiyar farko da ta zo.

Umma ta ce leɓɓanta da yatsunta suna mata kamar kiyashi na tafiya a kai. Ni na ce sanyin asuba ne. Sista ba ta bari maganar ta wuce ba. Ta ce, "Hajiya, tun yaushe kike jin haka?" Ta ɗan ƙwanƙwasa gaban kunnenta da yatsa, sai gefen baki ya motsa. Ta ɗaura mata abin awon jini ta hura, cikin ɗan lokaci yatsun suka ƙage suka haɗe wuri ɗaya. Nan take ta kira likitan da ya yi aikin, muka koma asibiti aka ɗebi jini. Kalsiyam ɗinta ya yi ƙasa.

A cikin mota ta yi min bayani. Bayan tayirod akwai wasu ƙananan glanda huɗu, kowace ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba, ana ce musu paratayirod. Su ke fitar da homon, wato sinadarin jiki, da ke riƙe kalsiyam a jini. Idan aka taɓa su yayin aiki sukan rage aiki na ɗan lokaci, alamun kan bayyana yawanci a kwana ɗaya zuwa uku na farko, kuma in aka yi sakaci abin kan kai ga ƙagewar jiki har da ta maƙogwaro. Aka rubuta wa Umma ƙwayoyin kalsiyam da bitamin D, kiyashin ya ɗauke. Har yau idan na tuna cewa ni da bakina na ce sanyi ne, gabana yakan faɗi.

Sai maganar levothyroxine, maganin da ke maye gurbin homon da tayirod ke samarwa. Umma ta ɗauka kamar maganin zazzaɓi ne, a sha a warke a daina. Sista ta zauna kusa da ita ta ce, "Hajiya, abin da ke sarrafa ƙarfin jikinki da ɗuminsa da bugun zuciya shi aka cire, wannan ƙwayar ce a madadinsa, kullum har abada." Ta ɗaura shan maganin da sallar Asuba: ruwa zalla, ciki babu komai, a jira rabin awa zuwa awa ɗaya kafin koko ko shayi. Kalsiyam kuma sai bayan awa huɗu, domin yana hana jiki tsotse maganin. Ta rubuta wannan da Hausa ta manna a ƙofar firij, tare da abin da ba a jira a kansa: wuya ya kumbura ko numfashi ya yi wuya, a tafi asibiti ko da tsakar dare ne.

Inda ban ji daɗi ba: kuɗin yana da nauyi, kuma ba su faɗa min tun farko cewa safar hannu da bandeji a kaina suke ba. Sau biyu aka makara fiye da awa ɗaya. Ranar da Sista ta huta, wadda aka turo ba ta karanta bayanan Umma ba, ni na sanar da ita batun kalsiyam. Wannan gyara ne da ya zama dole ga kamfanin, domin marar lafiyar glanda ba kowane lokaci ciwonsa ke nunawa a ido ba.

Wanda zai ɗauki irin wannan hidima, ya tambaya ko nas ɗin ta taɓa jinyar wanda aka yi wa aikin tayirod, ya kuma nemi a bar masa mutum ɗaya. Muryar Umma da ta dusashe ta dawo, tabon wuyan yana bajewa. Mako shida da fara maganin za a yi mata gwajin TSH, homon da glandar ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ke fitarwa, don a ga ko adadin ƙwayar ya yi mata daidai. Sista ta zagaye ranar da jan biro a kalandar falo kafin ta yi mana sallama.