Kwali uku na Beware of Traptrix a ƙananan gasannin Yu-Gi-Oh! na Zariya: abin da ya biya da abin da ya rage

Wanda ya sayi kwali ɗaya na Structure Deck: Beware of Traptrix, wato haɗaɗɗen tarin katunan wasan Yu-Gi-Oh! da ake sayarwa a kwali, ya nufi gasa da shi, to ya je kallo ne. Da wannan za mu fara, domin nan ne kuɗin sababbin 'yan wasa ke fara zubewa. Kamfanin Konami ya fitar da wannan kwali a watan Fabrairun 2023, kuma kusan kowane kati guda ɗaya ne a ciki, alhali dokar wasa ta yarda mutum ya sa har uku masu suna ɗaya. Kwali uku ake saye, a baje su a tabarma, a tsince katuna 40, ragowar a mayar cikin kwali. Da irin wannan tari muka gwada shi a ƙananan gasannin da ake haɗawa tsakanin masu wasa a Samaru da Kongo, daga hunturu har damina, kuma hukuncinmu shi ne ya cancanci kuɗinsa ga mai shiga gasa karon farko, muddin ya san raminsa.

Dalilin kafewa a kan 40 lissafi ne. Babban tari ana yarda da shi daga kati 40 zuwa 60, kuma da kati biyar ake buɗe hannu. Idan katin da kake nema guda uku ne a cikin 40, damar ka gan shi a hannun farko ta kai kashi 34 cikin ɗari. A cikin 60 sai ta sauko wajen kashi 23. Traptrix, wato dangin katunan da ke aiki da tarkuna, na da dodanni (katunan da ake saukewa a fili su yi faɗa) uku da kowannensu zai iya buɗe maka wasa shi kaɗai: Myrmeleo da Mantis da Pudica. Uku-uku, tara ke nan, kuma tara a cikin 40 na nufin kusan kashi 74 cikin ɗari za ka buɗe da aƙalla ɗaya. Duk katin da ka ƙara a kan 40 saboda yana burge ka, daga wannan kason yake ci.

Yadda tarin ke tafiya kuwa abin sha'awa ne, kuma ba ya buƙatar haddar matakai ashirin irin na wasu taruka. A ce layinka ne na farko, kana riƙe da Myrmeleo da wani tarko (katin da ake kifewa a fili, a buɗe shi daga baya) mai "Hole" a sunansa. Ka sauke Myrmeleo, ta ɗauko maka Traptrix Holeutea, tarkon da ke zama dodo idan an buɗe shi, daga tari. Ka ba da Myrmeleo ka fito da Sera daga ƙaramin tari, inda ake ajiye dodannin da sai an ba da wasu ake fito da su. Ka kifa Holeutea, sannan ka buɗe ta nan take ta hanyar jefar da wancan tarkon na hannunka, domin ita an yarje mata haka, saɓanin yawancin tarkuna da sai layi ya juya. Buɗe tarkon zai motsa Sera ta kira Dionaea daga tari. Dionaea ta ɗauko tarkon da ka jefar ta kifa maka shi, motsin Dionaea kuma ya sa Sera ta sake kifa wani tarkon kai tsaye daga tari. Sai ka haɗa Holeutea da Dionaea su zama Rafflesia. Da kati biyu ka tashi da Sera da Rafflesia da tarkuna biyu a kife, ga Rafflesia kuma na iya aro aikin wani tarkon daga tari a layin abokin karawa.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne mutum ya zaci binciken da Myrmeleo ta yi a farko, wato ɗauko Holeutea daga tari, zai motsa Sera. Ba zai motsa ta ba, domin a lokacin Sera ba ta hau fili ba tukuna. Na biyu, kowane ɗaya daga ayyukan Sera biyu sau ɗaya ne a layi. Wanda ya ƙone su a kan ƙaramin abu a farkon layin abokin karawa, zai zauna hannu rabbana lokacin da babban dodo ya sauka. Na uku, tarkon da Dionaea ta kifa ba na dindindin ba ne: idan ya kai ƙarshen layinka na gaba ba ka yi amfani da shi ba, fita yake daga wasa. Shi za ka fara kashewa kafin sauran.

Abin da ya fi ɗaga darajar kwalin a wurinmu bai ma shafi Traptrix ba. A ciki akwai Ash Blossom & Joyous Spring, akwai Evenly Matched, akwai Raigeki da Harpie's Feather Duster. Waɗannan katuna ne da za su bi ka duk tarin da ka koma nan gaba. Ash Blossom uku kaɗai sun isa su sa mutum ya daina jin zafin kuɗin kwali na uku. Daga hannu ake jefa ta a layin abokin karawa, ta tsayar da duk aikin da zai ɗauko kati daga tari zuwa hannu, ko ya kira dodo daga tari, ko ya tura kati daga tari zuwa maƙabarta, wato inda ake ajiye katunan da aka gama da su. A tuna kuma cewa kai ma da ita za a tare ka. Idan aka jefa ta a kan binciken Myrmeleo, ka ci gaba ka fito da Sera, ka kifa abin da ke hannunka. Kifa tarko daga tari da Sera ke yi ba ya cikin abubuwa ukun nan, don haka Ash ba ta taɓa shi. Wannan ƙaramin bambanci ya sha raba gardama a kan teburi.

Raunin tarin a bayyane yake. Layin farko yake so. Tarko sai an kifa shi ya kwana, don haka idan ɗan lido ya ba abokin karawa layin farko ya gina filinsa, za ka ga hannunka cike da tarkunan da sun makara. Bottomless Trap Hole na cin dodo mai ƙarfin hari 1500 zuwa sama ne a daidai lokacin da ake sauke shi. Wanda ya riga ya zauna a fili ya tsira. Maganin wannan yana cikin tarin gefe, wato katunan da ake musanyawa da na babban tari tsakanin wasanni ukun da ake yi a kowane zagaye: Evenly Matched uku da Raigeki, a shigo da su a wasa na biyu idan ka san kai ne za ka bi baya. Wanda ya faɗi wasan da ya gabata shi ke zaɓen wanda zai fara, to idan ka ci na farko, ka ɗauka cewa baya za ka bi. Canjin kati da kati ne, ka fitar da uku ka shigar da uku, tarin gefe ya tashi da adadin da ya zo da shi, kuma ba ya wuce 15.

Ɗaya raunin shi ne shara. Feather Duster ɗaya na iya kwashe duk tarkon da ka kifa. Arachnocampa na kare wannan, domin muddin tana fili, karon farko da za a lalata kowane kifaffen katinka a layi ba ya lalacewa, shi ya sa muke ganin bai kamata ta gaza biyu a tari ba. Amma ba ta tsayar da Evenly Matched, saboda shi ba lalatawa yake yi ba, tilasta maka yake ka fitar da katunanka da hannunka. Wanda ya zazzage tarkuna biyar a fili alhali biyu sun isa, shi ne Evenly ke yi wa ɓarna. A bar ɗaya ko biyu a hannu.

Kafin a rubuta takardar tari, a duba jerin katunan da Konami ta haramta ko ta taƙaita, domin ana sabunta shi lokaci zuwa lokaci. Haramtacce ba ya shiga ko ɗaya, taƙaitacce guda ɗaya, mai rabin taƙaici guda biyu. Kwali uku za su ba ka Feather Duster uku, amma ba ukun ne za su shiga ba. Masu zuwa daga Master Duel, wasan Yu-Gi-Oh! na waya, wanda ya fito a 2022, su suka fi faɗawa nan, saboda jerin can daban ne da na katin hannu. Manhajar Neuron ta kamfanin kyauta ce, tana nuna rubutun kowane kati da matsayinsa.

Sai batun jabu, kuma ya kamata a tsaya a kansa. Katunan da ake sayar wa yara a shagunan kayan wasa, masu walƙiya kamar ledar alawa, yawancinsu ba na gaskiya ba ne, kuma alƙalin gasa ba zai karɓe su ba. Katin gaske faɗinsa milimita 59, tsawonsa 86. A kusurwar dama ta ƙasa akwai ɗan murabba'i mai sheƙi, ruwan zinariya ko na azurfa, wanda ke canza haske idan ka karkata katin. Na jabu sau da yawa bugu ne kawai da ba ya motsi. A hagu ta ƙasa akwai lamba mai alƙaluma takwas, a ƙarƙashin hoton kuma lambar kwali, wadda a wannan ke farawa da SDBT-EN. Ka ɗora rubutun katin kusa da na Neuron ka karanta kalma da kalma. Tunda oda ake yi daga nesa kuma kwalin ya kwana biyu da fitowa, a nemi mai sayarwa ya turo hoton kwalin a rufe ta kowane gefe kafin a tura kuɗi. A kula kuma da katunan da aka buga domin kasuwar Asiya: na gaske ne, amma dokar gasa ta ɓangarenmu ba ta karɓarsu, ko da da Turanci aka rubuta su.

Rigar kati ba ta zuwa a kwalin, kuma ba a shiga gasa babu ita idan ana son katin ya kai baɗi. A sayi ƙaramar, mai milimita 62 da 89. Babbar, mai 66 da 91, ta katunan Pokémon ce da Magic masu faɗin 63 da tsawon 88, katin Yu-Gi-Oh! lilo yake a cikinta, kusurwoyinsa su daku. Babban tari da tarin gefe dole rigarsu ta zama iri ɗaya, wato 55, don haka fakiti mai 60 ya bar maka biyar na canji. Ka adana biyar ɗin nan da kyau. Ranar da riga ɗaya ta tsage ka musanya ta da wata mai ɗan bambancin launi, ka yi wa katin alama ke nan, ko da ba ka nufa ba. Mara sheƙi ta fi dacewa da garin nan. Mai sheƙi da zafin Afrilu gumin yatsa ke manne ta, katuna su riƙa tafiya biyu-biyu wajen cakuɗawa, da hunturu kuma ƙura ta shiga tsakani ta karce bayanta cikin 'yan makonni.

Yanayin Zariya na taɓa 'yan katunan kwalin masu ƙyalli. Fuskarsu na da siririn shafi da ba ya shan ruwa, bayansu kuwa takarda ce. A watan Agusta takardar ta sha laima ta kumbura, katin ya lanƙwaso ta fuska kamar ƙoƙo. A Disamba da Janairu iska ta busar da ita, ya lanƙwashe ta baya. Ɗora tarin a teburi ka duba shi ta gefe: idan kana iya nuna inda mai ƙyalli yake, abokin karawarka ma zai iya, kuma yana da haƙƙin kiran alƙali. Da damina a jefa ƙunshin silika ɗin nan da ake samu a kwalin takalmi cikin akwatin kati. Da hunturu a cire shi, don ƙara busar da katin yake. Kada a bar akwatin a ƙarƙashin sirdin babur ko cikin mota a rana.

Shimfiɗar takarda da ke cikin kwalin ta koyo ce kawai. Tana nuna wa sabon shiga gurbin kowane kati, amma bayan naɗewa kaɗan take tsagewa a kan layin ninki, fanka kuma na ɗaga ta. A kan teburin roba, shimfiɗa mai bayan roba ce ke riƙe kati, ta kuma sa ɗaukarsa ya zo da sauƙi ba sai an sa farce ba.

A ranar gasa a zo da biro da takarda da ɗan lido. Kowa da maki 8000 yake farawa, kuma a rubuta kowane ragi a faɗe shi da baki, domin waya na iya mutuwa a tsakiyar wasa. Mutum 8 zagaye uku suke yi, 16 zagaye huɗu, 32 zagaye biyar, kowane zagaye wanda ya ci biyu cikin uku shi ya yi nasara. Gasar mutum 16 na cin wajen awa huɗu, to idan aka fara da ƙarfe goma, a tsara hutun azahar ya faɗo tsakanin zagaye biyu, kada a tashi a bar kifaffun katuna a kan teburi. Tsawon zagaye da hukuncin da ake yi idan lokaci ya ƙare abu ne da Konami ta sha sauyawa, sai a tambayi alƙali tun kafin zama. Wannan ya fi shafar mai Traptrix, saboda wasansa na jan lokaci: duk dodon da aka sauke sai an dube ka an ce, "Malam, kana da martani?" Ka san katunanka da ke kife ba tare da ɗaga su kowane minti ba, ka amsa da e ko a'a cikin hanzari, in ba haka ba wasa na uku zai same ka da minti biyar a agogo.

Ƙaramin tari, mai ɗaukar har 15, kwali ukun za su cika shi, amma da maimaici. Sera uku suna da amfani domin ita ake yawan kashewa, Rafflesia biyu sun isa. Sauran guraben a hankali za a musanya su da dodannin da ake haɗawa da kowane biyu masu tauraro huɗu, a saye su ɗai-ɗai ko a yi musaya da abokan wasa da ragowar katunan da suka yi saura a kwali.