Ciwon huhu ko ciwon zuciya: yadda ake rarrabe su a ɓeran kiwo mai wahalar numfashi

'Yar'uwa, kin ce ɓeranki namiji ne, shekararsa biyu da wata uku. Kwiɓinsa na shiga yana fita da ƙarfi ko yana kwance, ya rame, kuma ya sha maganin ƙwayoyin cuta na kwana 14 ba a ga sauƙi ba. Kina son sanin ko ciwon huhun ne ya ƙi jin magani, ko kuwa zuciya ce. Tambayar tana kan hanya, domin a ido cututtukan nan biyu kamanninsu ɗaya, amma abin da ke kawo wa ɗaya sauƙi yana iya ƙara wa ɗayan wahala.

Kafin komai, ɓera ta hanci yake numfashi, ba ya haki irin na kare. In kika ga ya buɗe baki yana jan iska, ko yana zabura yana zagaye keji kamar an biyo shi, ko tafin ƙafarsa ya koma shuɗi-shuɗi, to a bar kwatance tukuna. A kai shi wurin likitan dabbobi a sa masa iskar oksijin, ko da tsakar dare ne.

Ciwon huhu a ɓera galibi da wata ƙwayar cuta yake farawa, ana ce mata maikofilasma. Kusan duk ɓeran kiwo yana ɗauke da ita tun yana jariri, daga uwarsa yake samu, kuma ba ta barin jiki. Takan kwanta shiru sai an sami abin da ya tashe ta: zarnin fitsari a keji, ƙura, hayaƙin sigari, turare, tsufa, ko sabon ɓera da ya zo da wata cutar. Amoniyar da ke tashi daga fitsari tana lalata 'yan siraran gashin da ke share majina a hanyar iska, sai ƙwayar ta sami fili, ta gangara daga hanci zuwa huhu. Daga nan wasu ƙwayoyin su biyo sahu, su ne ma suka fi saurin kisa. Ita kuwa zuciya galibi ba ruwanta da ƙwayar cuta. Tsokar ce ta gaza, ko ta saki ta yi faɗi, ko ta yi kauri har ba ta cika da jini yadda ya kamata. Jini ya riƙa taruwa a baya, ruwa ya tsattsafo cikin huhu ko kewayensa. Ke nan a duka biyun huhu ne ke shan wuya, a ɗaya majina da kumburi suka toshe shi, a ɗayan ruwa.

Ki fara da kunne. Ɗora ƙirjinsa a kunnenki kamar mai amsa waya, gefen dama sannan hagu, a ɗakin da ba hayaniya. Lafiyayyen ɓera ba a jin komai sai bugun zuciya mai sauri ƙwarai, sama da 300 a minti. Mai ciwon huhu yana da ƙara: atishawa a kai a kai, minshari, wani kuka kamar na tattabara, ko 'yar ƙas-ƙas duk lokacin da ya ja iska. Mai ciwon zuciya sau da yawa shiru yake, sai dai aikin numfashin ya yi yawa, ciki da haƙarƙari duk suna motsi. Wannan alama tana taimakawa amma ba ta yanke hukunci, don huhun da ya riga ya cushe da tabo shi ma yakan yi shiru.

Sai ido da hanci. Jan abin nan mai kama da jini da ke bushewa a gefen ido ko hanci ba jini ba ne, wani ruwa ne mai launi da ake kira fofirin, daga wani ƙullutu da ke bayan ƙwayar ido yake fitowa. Kaɗan bayan barci ba komai. In ya yi yawa, har yana shafa shi a cikin ƙafafunsa na gaba wajen goge fuska, kuma ga atishawa, hankali ya fi karkata ga huhu. Amma kowane irin ciwo ko damuwa na iya ƙara shi, saboda haka kada a dogara da shi kaɗai. Haka in ya karkatar da kai gefe guda, yawanci maikofilasma ce ta shiga kunnen ciki, zuciya ba ta kawo wannan.

Inda zuciya ta fi tona kanta shi ne ƙafa da wutsiya. Riƙe ƙafarsa ta baya a yatsunki bayan ya daɗe kwance a wuri mai ɗumi. In ta yi sanyi, launinta ya koɗe ko ya yi duhu, kuma wutsiya da kunne ma haka, jini ba ya isa ƙarshen jiki. Wani lokaci ƙafafun su kumbura, ko ciki ya yi tulu alhali ƙashin baya na fitowa. Irin wannan ɓera yakan nemi wuri mai tsayi ya kwanta ya rataye kansa ƙasa daga gefen shimfiɗa, ko ya shimfiɗe a wuri mai sanyi ya guje wa cunkoson 'yan'uwansa. Yana son abinci, zai karɓa, amma ya ci kaɗan ya ajiye saboda ba ya iya haɗa tauna da numfashi. Mai ciwon huhu mai tsanani shi ma yakan rataye kai, sai dai shi gashinsa ya mimmiƙe, ya duƙunƙune, idonsa a lumshe, kana ganinsa ka ga marar lafiya.

Shekaru da yadda ciwon ya zo su ma suna magana. Ɓera shekara biyu zuwa uku yake yi a duniya. Huhu na iya kama shi a kowane lokaci, kuma ciwon yakan zo ya tafi, ya lafa da magani, ya dawo bayan wata biyu ko uku. Zuciya ta fi kama wanda ya haura shekara ɗaya da rabi, tana zuwa a hankali, ya daina hawa sama, ya riƙa tsayawa yana hutawa a tsakiyar wasa, kuma maganin ƙwayoyin cuta ba ya taɓa ta ko kaɗan.

Akwai awo biyu da za ki iya yi a gida, kuma likita zai ji daɗinsu. Na farko, ƙirga numfashinsa yana barci: ki ƙirga tashin kwiɓi na daƙiƙa 15 ki ninka huɗu. Lafiyayye yana yin kamar 70 zuwa 115 a minti. Ki rubuta safe da yamma, domin hawa ko saukar adadin ya fi adadin kansa amfani. Na biyu, ki auna shi a sikelin kicin mai nuna giram, kullum lokaci guda. Ɓera mai giram 500 da ya zubar da 50 ya rasa kashi 10 cikin ɗari na jikinsa, wannan ba ƙaramar rama ba ce. In kuma nauyi na hawa alhali jiki na ramewa, ruwa ne ke taruwa.

A wurin likita, hoton ƙirji ne ya fi raba gardama: yana nuna zuciya in ta yi girma, yana nuna ruwa, yana nuna ƙuraje ko ƙari a huhu. Matsalar ita ce ɓeran da ke fama da numfashi ba kullum yake jure riƙewa ko maganin barci ba, shi ya sa likitoci da yawa ke gwadawa da magani. In za a sa shi barci, kada ki hana shi abinci tun dare kamar yadda ake yi wa kare. Ɓera ba ya amai, kuma yunwa na saurin kayar da shi.

Maganin huhu da aka fi sani shi ne haɗin doksisaikilin da enrofuloksasin, na biyun shi ake sayarwa da sunan Baytril. Abin da aka saba rubutawa shi ne miligiram 5 na farkon, da kamar 10 na biyun, a kowane kilo na nauyin jiki, sau biyu a rana. Ga yadda lissafin yake: ɓera mai giram 400 a kan miligiram 10 yana buƙatar miligiram 4, in ruwan maganin na da miligiram 25 a kowane mililita, rabonsa 0.16 ke nan. Da sirinji mai mililita 1 marar allura ake aunawa, ba da ɗigo ko cokali ba. Kurakurai uku ne ke sa a ce magani bai yi aiki ba. Ko an ba da amoksisilin shi kaɗai, alhali shi bangon ƙwayar cuta yake rusawa, maikofilasma kuwa ba ta da bango. Yana da amfani ga ƙwayoyin da suka biyo baya ne kawai. Ko an tsaya da wuri, domin kwana bakwai ba ya isa, akan yi mako uku zuwa shida. Ko an riƙa haɗa maganin da madara, sinadarin kalsiyam ɗinta ya riƙe wani sashe ya hana jiki sha. Ki duba wanne aka ba naki, kuma nawa. In haɗin daidai ne, ya kamata a ga ɗan sauƙi cikin kwana uku zuwa biyar.

Maganin zuciya wata hanya ce daban. Furosemaid, wato Lasix, yana fitar da ruwan ta fitsari, kuma in ruwa ne matsalar, numfashi kan sauka cikin awoyi zuwa kwana biyu. Wannan saurin shi kansa amsa ce. Sai a ƙara enalafiril mai sassauta jijiyoyin jini, wani lokaci da fimobendan mai ƙarfafa bugu. Ba warkarwa suke ba, har ƙarshen rayuwa ake sha, amma sukan sayo masa makonni ko watanni na numfashi cikin sauƙi. Adadin na likita ne, saboda tsofaffin ɓeraye maza ƙodarsu kan riga ta raunana, kuma furosemaid da enalafiril duk ta ƙoda suke bi. Kada a ɗora musu maganin zafin ciwo irin meloksikam ba da saninsa ba.

A jinyar gida ga inda hanya ta rabu, kuma nan ne ake yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Tururi, wato zama da shi a banɗaki mai ruwan zafi na minti 10, yana sassauta majinar da ta toshe hanci. Ga wanda huhunsa ke cike da ruwa kuwa ƙarin nauyi ne. Tunda ba ki tabbatar ba, ki bar tururi. Allurar ruwa a ƙarƙashin fata tana ceton mai ciwon huhu da ya bushe, amma tana iya nutsar da mai ciwon zuciya. Abinci mai gishiri ma ya fi cutar da mai ciwon zuciya. Ruwan sha dai kada a rage wa kowa, musamman mai shan furosemaid. Ɓera na shan kamar mililita 10 a kowane giram 100 na jikinsa a rana. Ki ja fatar tsakanin kafaɗunsa ki saki, in ta daɗe a tsaye ya bushe. Ki sa masa ruwa a ɗan kwano a ƙasa, domin miƙa wuya zuwa kwalba na gajiyar da shi.

Sauran kulawar ɗaya ce. Keji mai hawa ɗaya, abinci da ruwa kusa da makwanci. Shimfiɗar takarda marar ƙura, a cire jiƙaƙƙen wuri kullum. Dusar katako mai ƙamshi tana ƙona hanyar iska. Zafin ɗaki kamar digiri 20 zuwa 24, in za a sa abin ɗumama jiki a sa a gefe guda don ya iya matsawa, domin ɓera ba ya gumi, ta wutsiya yake fitar da zafi. Abinci mai laushi da zai lasa ba tauna: abincinsa da aka jiƙa, dafaffen ƙwai, ayaba da aka murƙushe, kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a rana. Kada a ɗura masa ruwa ko magani yana kwance rigingine, zai shaƙa. Ta gefen baki bayan haƙoran gaba ake sa sirinji, ɗigo ɗigo, ana jira ya haɗiye. Kuma kada ki raba shi da abokin zamansa, sun riga sun ɗauki ƙwayar tare, kaɗaici kuwa na sa ɓera ya daina ci.

A ganinmu, ɓera mai shekara biyu da ɗoriya, numfashi da ƙarfi, kwana 14 na magani ba canji, ya cancanci a duba zuciyarsa kafin a sake gwada wani maganin ƙwayoyin cuta. In kika taɓa ƙafar kika ji sanyi, zaton ya ƙara ƙarfi. Amma kada ki yanke masa maganin huhu da kanki, don a wannan shekarun sau da yawa duka biyun ne tare: huhun da ya daɗe da tabo yana wahalar da zuciya har ta gaza. Ki koma wurin likita gobe da takardar numfashi da nauyi, da kwalbar maganin da ya sha, da ɗan bidiyon daƙiƙa 30 na numfashinsa yana barci, tunda a asibiti tsoro zai canza shi. Ki tambaye shi kai tsaye ko za a ɗauki hoton ƙirji, in kuma ɓeran ba zai jure ba, ko za a gwada furosemaid na kwana biyu ana ci gaba da ƙirga numfashin.