Na gwada ƙarin abincin nan mai butirik da lorik asid a kajin buroila, ga yadda na gan shi

Jama'a masu kiwon buroila, tunda ana ta tambaya a kan wannan garin da ake zubawa cikin fid, wato abincin kaji, wai don lafiyar hanji da garkuwar jiki, bari in faɗi nawa tunda na yi amfani da shi har na fitar da kaji. Wanda na saya haɗi ne na butirik asid da lorik asid, likitan dabbobi ne ya ba ni shawarar sa saboda na gaji da ɗura wa kaji antibayotik duk lokacin da kashinsu ya canza.

Gaskiya yana aiki, amma a hanji yake aikinsa, kuma a ƙasan keji za ka fara gani ba a sikeli ba. Duk mai kiwo ya san wahalar sati na uku zuwa na huɗu, lokacin da ake canza musu abinci daga sitata, wato abincin farko na ƴan tsaki, sai ka ga kashi ya yi ruwa ruwa, wani da majina ruwan lemo, wani ma har ƙwayar abincin da ba ta narke ba kana ganinta a ciki, garin katakon ya jiƙe ya dunƙule, ka shiga ɗaki warin amoniya ya sa idonka hawaye. To wannan karon kashin ya fi ɗaurewa, ga farin nan a samansa yadda ya kamata, duburarsu babu danƙarewa, na ɗaga ƙafafunsu na duba tafin ƙafa babu wannan baƙin gyambon da jiƙaƙƙen ƙasa ke jawowa. Wallahi wannan kaɗai ya faranta min rai, don ni ba na jure ganin kaza tana ɗingishi.

Dalilin kuwa, jikin hanjin kaza daga ciki akwai wasu ƴan tsiro tsiro kamar gashin tawul, su ke tsotse amfanin abinci, kuma butirik asid abinci ne ga ƙwayoyin halittar da suka lulluɓe su, idan sun samu sai bangon hanjin ya yi ƙarfi, ƙwayoyin cuta su rasa kafar kutsawa cikin jini. Shi kuma lorik asid, wanda ake samu a man kwakwa da man ƙwallon kwakwar manja, yana takura wa ƙwayar cutar nan Kulostiridiyam mai sa hanji ya ruɓe kaji su riƙa faɗuwa babu shiri. Maganar garkuwar jiki ma daga nan take, don kaso mai yawa na garkuwar kaza a jikin hanji yake. Tun 2006 da Tarayyar Turai ta hana saka antibayotik a abincin dabbobi don sa su girma aka ƙara mayar da hankali kan irin waɗannan.

Abin da zan ja kunne a kai shi ne a duba a sayi wanda aka lulluɓe da kitse. Butirik asid tsagwaronsa wari gare shi ba kaɗan ba, shi ne ma yake sa man shanu wari idan ya lalace, kuma jiki na shanye shi tun a sama kafin ya kai can ƙasan hanji inda ake buƙatarsa. Mai lulluɓin a hankali yake sakin kansa. Duk da haka ko shi idan ka buɗe buhu za ka ji shi, hannu ma sai an wanke da sabulu sosai.

Haɗawa ma sai an nutsu, don ɗan kaɗan ake sakawa, ka bi abin da aka rubuta a jikin buhu, ka fara cuɗa shi da ɗan fid kaɗan ya game sannan ka juye cikin mai yawa, in ba haka ba wasu kajin su ci da yawa wasu ko ɗanɗano.

Nauyi fa? An samu ƙari amma ba wani na a zo a gani ba, abin da na fi lura shi ne kajin sun tashi kusan kai ɗaya, tsumburarrun ba su da yawa. Kuma don Allah kar wani mai talla ya ce muku ya maye gurbin rigakafi, cututtukan Gumboro da Niyukasil ƙwayoyin bairos ne ke kawo su, allurarsu da ɗigonsu na nan daram, haka maganin kwaksi, wato cutar hanjin nan mai sa kashin jini, don ita kwaksin ce ma take fara yi wa hanji rauni kafin Kulostiridiyam ta samu shiga. Kazar da ta riga ta kwanta magani take buƙata a hannun likita. Ruwan sha mai datti da cunkoso kuwa babu garin da zai gyara su.

Zan ci gaba da saka shi, musamman daga ranar farko har su wuce canjin abinci, don lokacin ne hanjin yake ginuwa. A finisha, wato abincin ƙarshe kafin a fitar da su, ina tunanin rage shi in ga ko ƙasan zai ci gaba da zama a bushe.